Kwana Uku a Dutsen Jojiya

Wani ƙauye a duwatsun Jojiya,
Litinin, 28 ga Afrilu.

Zuwa ga Jael, Maman Angelina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zafin Doha? Da biro nake rubutawa don cajin wayata ya yi ƙasa. In na gama zan ɗauki hoton takardar, in hau bayan garken shanu inda ake ɗan samun sabis, in turo miki.

Ki yi haƙuri, ba ma cikin birni. Ban manta sharaɗinki ba ranar da asibiti suka hana ki hutu kika ce mu tafi mu biyu: kada in kai yarinyar nan inda ake sanyi. Amma ta ga hoton duwatsu ta dame ni, direba kuma ya ce sanyi ya wuce, har itatuwa sun yi fure. Jiya da hantsi ya sauke mu, rana fes. Kafin ƙarfe uku sama ta rufe, dusar ƙanƙara ta fara zuba, har yanzu ba ta tsaya ba. Ta kai mini gwiwa. Hanya ta toshe, wuta ta ɗauke.

Muna gidan wata tsohuwa da matar ɗanta. Ba ma jin yaren juna, amma sun karɓe mu hannu biyu. Angelina lafiyarta ƙalau.

Mijinki,
Dogara.

Al Thumama, Doha,
Litinin da yamma.

Baban Angelina,

Ina gaisuwa. Maganar abin da ka yi sai ka dawo.

Yarinya mai sikila, ka ce lafiyarta ƙalau cikin wannan sanyi? Angelina ba ta taɓa bari ka aiko mini saƙo ba ta sa nata a ƙasa ba. Ina nata? Ka faɗa mini gaskiya.

Ka riƙa ba ta ruwan ɗumi ko ba ta so. Maganin ciwo yana aljihun ciki na jakarta, duk bayan awa shida. Kada ka ɗora mata abu mai sanyi ko jikinta ya yi zafi. Ka duba agogo ka ƙirga numfashinta na minti ɗaya, ka rubuto mini.

Na kira masu agajin gaggawa na can. Sun ce jirgi mai saukar ungulu ba zai iya tashi ba, motar share hanya kuma sai Laraba za ta iso ku. Ina tsaye a kicin da kayan aiki a jikina, na kasa cirewa.

Allah ya tsare ku.
Jael.

Talata da safe.

Maman Angelina,

Barka da kwana. Gaskiyarki, na ɓoye miki. Tun jiya ƙafafunta ke ciwo. Ta yi wasa da dusar kamar minti goma kafin in kamo ta, ina tsaye ina ɗaukarta hoto.

Duk mun tare a ɗaki ɗaya inda murhun itace yake, har da ɗan maraƙin da aka haifa shekaranjiya. Tsohuwar tana gasa duwatsu ta naɗe a tsumma ta jera mata a gefen ƙafa, tana yi mata waƙa da yarensu. Itacen ya kusa ƙarewa, ɗazu matar ɗan ta fasa benci.

Yau ciwon ya hau ƙirji. Jikinta zafi rau. Numfashi talatin da takwas. Ta ce mini, "Baba, kada ka gaya wa Mama, za ta yi maka faɗa." Jael, tsoro nake ji. Da hannu suka nuna mini akwai doki da abin ja na katako, za a iya sauka da ita. Me zan yi?

Dogara.

Doha, Talata, ƙarfe goma.

Dogara,

Sannu. Kada ka fita da ita. Awa huɗu a wannan iska jininta zai ƙara toshewa, in ta shiɗe a hanya ba mai taimakonku. Ka jingina ta zaune, ka ci gaba da ba ta ruwa. Gobe mota za ta zo. Ina roƙonka, wannan karon ka ji maganata.

Ka ce mata ba zan yi wa kowa faɗa ba.

Jael.

Doha, Talata, ƙarfe biyar.

Baban Angelina,

Na kira sau arba'in, wayarka a kashe. Ina sa wa mara lafiya ruwa hankalina yana kan waya, shugabarmu ta ce khalas, ya isa haka, in tafi gida. Na shiga ɗakinta na tarar da takalmin makarantarta a bakin gado, na kasa fitowa. Ko kalma ɗaya ce ka turo.

Jael.

Asibitin gari, ƙasan dutse,
Laraba da hantsi.

Maman Angelina,

Ina gaishe ki. Tana da rai.

Na karanta saƙonki, na yi niyyar bi. Da tsakar rana numfashin ya kai arba'in da tara, leɓenta ya koma toka-toka, na kira sunanta sau uku kafin ta dube ni. Tsohuwar ta kalle ni ta nuna ƙofa. Muka naɗe ta da fatun tumaki, duwatsu masu zafi kewaye da ita. Matar ɗan ta ja doki a gaba, ni ina gefe hannuna cikin fatun a kan ƙirjinta don in ji tana motsi. Sau biyu na daina ji, na tsayar da doki ina ihu. Wajen ƙarfe biyar muka ci karo da motar share hanya tana haurowa, ita ta kawo mu asibiti.

An sa mata iskar oksijin, an ƙara mata jini. Likita ya ce da mun kai yau a can, da labari ya sha bamban. Yanzu tana barci. Ni yatsun ƙafata biyu ne ba na ji, safata na ƙara mata.

Ki yafe mini.
Dogara.

Filin jirgi, Doha,
Laraba da yamma.

Baban Angelina,

Sannu da ƙoƙari. Na karanta ina zaune a ƙasa a ɗakin canza kaya. Ni ce nas, ni na ce ka zauna.

An ba ni kwana goma, gobe da safe zan sauka. Kada ka zo tarbata, ka zauna kusa da ita. Ka cire takalmin nan yanzu ka nuna wa likita ƙafarka, kada ka jira ni.

Matarka,
Jael.