Wandon Keken Perpetua

Al Qusais, Dubai
Yuni, 2020

Zuwa ga Yaya Magret,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Justin da yara. Yaya ƙafar Mama? Yaya 'yata Promise? Ki shafa min kanta, ki ce mata ina sane da ita.

Kada ki yi mamakin ganin rubutu a takarda an ɗauko hotonsa da waya. Ɗakin da nake kwana cike yake da mata, gado a kan gado, kuma wadda ke samana 'yar Jos ce, tana jin Hausa har da wadda ba a faɗa ba. Maganar da nake da ita ba ta saƙon murya ba ce.

Na samu aiki. Tun da otal ɗin nan ya sallame mu saboda korona nake yawo, har takalmina ya cinye, sai ga wani gidan abinci a unguwarmu yana neman masu kai oda a keke. Manajan ya dube ni sama da ƙasa, ya ce bai taɓa ɗaukar mace ba. Na gaya masa a Zonkwa na girma, da keken Baba nake kai citta kasuwa tun ƙafata ba ta kai feda ba. Ya yarda ya mayar da bizata kan sunansu, da sharaɗin ba fashi. Kin san abin da wannan ke nufi. Ranar da aikin ya tafi bizar ta bi shi, ni kuma in dawo gida hannu rabbana, karatun Promise ya tsaya.

To, Yaya, keken Baba daban, wannan daban. Can na hau in sauka, nan kuwa wuni nake a kan sirdi, da akwatin abinci a baya, da takunkumi a fuska, ga zafin da ba ki taɓa jin irinsa ba. Sirdin siriri ne, mai tauri. Idan na sauka da yamma tafiya nake kamar sabuwar mai jego.

Na lura mazan da muke aiki tare suna sa wani wando mai soso a ciki, a ƙarƙashin wandon aiki. Ranar hutuna na hau jirgin ƙasa zuwa Al Ras neman irinsa. Mai shagon namiji ne, ga wasu maza biyu suna shan shayi a bakin ƙofa. Ta yaya zan buɗe baki in ce ina son na mata, in kuma yi bayanin inda ke min ciwo? Na nuna da yatsa kawai, na ɗauki mafi girma don kada ya kama jikina, na fito. Kada ki yi dariya, na san ki, ke ma da haka za ki yi.

Wandon ya ɗan rage min zafi, amma yana yawo a jikina, sosonsa kuma ba ya zama inda ya kamata. Zan saba. Ki gaida Mama, ki ce mata a gidan abinci nake aiki, kada ki ambaci keke.

Ni ce ƙanwarki,
Perpetua


Al Qusais, Dubai
Yuli, 2020

Yaya Magret,

Ina gaishe ki da fatan alheri, ina gaida kowa da kowa na gidan. Na ji an samu ruwa sosai bana, Allah ya ba da albarka a gona. Na ga hoton Promise. Wa ya yi mata wannan kitso, ko da ido a rufe aka yi?

Na yi ƙawa. Na kai abinci wani bene, matar ta buɗe ƙofa tana faɗa a waya da Hausar Katsina. Ban san lokacin da na gaishe ta ba. Sunanta Anti Sauda, a ofishin wani kamfanin jiragen kaya take aiki a Jebel Ali. Abin mamaki, ita ma tana hawan keke, amma don nishaɗi. Duk ƙarshen mako sai ta fita bayan gari da wasu mata, su yi tafiya mai nisa cikin hamada su dawo. Ni ina hawa don in ci abinci, ita tana hawa don ta rage wanda ta ci. Na faɗa mata haka, ta yi dariya har da riƙe ƙofa.

Tana ganin tafiyata ta gane. Ranar hutuna ta ɗauke ni a motarta zuwa wani shago inda mace ke sayarwa. Ashe wandon da na saya na maza ne, sosonsa dogo ne siriri, ba don jikinmu aka ɗinka shi ba. Na mata ya fi faɗi ta baya. Ta koya min yadda ake zaɓa. A juya shi a shafa cikinsa da hannu, in an ji ɗinki ya ratsa tsakiyar soson a ajiye. Dole ya kama jiki don kada ya goga, amma robar ƙafarsa kada ta yanke cinya. Soso mai kauri da yawa ma ba alheri ba ne, zufa yake tarawa. Ita tana ɗora doguwar riga da wando mai faɗi a sama, babu wanda zai san abin da ke ciki. Na samu wanda ya zauna min daidai.

Sai kuma ta zo da abu biyu da suka fi ƙarfina. Na farko, wai ba a sa kamfai a ƙarƙashinsa, don bakin kamfan ne ke yanka fata. Na ce mata to, amma a raina na ce har abada. Ni 'yar Mama, in fita titi haka? In mota ta buge ni aka kwashe ni zuwa asibiti fa, me za su ce da mutanenmu? Na biyu, wai a wanke shi kullum a shanya a iska ya bushe ƙarau. Yaya, ina zan shanya? Mai gidan da muke haya ya hana shanya a baranda, igiya ɗaya ce a lungun kicin, kuma mazan ɗaya ɗakin ta nan suke wucewa. Ke kika koya min cewa mace ba ta baje irin wannan kaya a idon maza. Don haka ina wankewa in rataye a ƙarfen gadona, in lulluɓe da zane. Da safe akwai sauran danshi, amma haka nake sawa.

Wani ɗan ƙurji ya fito min a matsematsi, daidai inda bakin kamfan ke zama. Ina gasa shi da ruwan zafi da gishiri kamar yadda muke yi a gida, ina shafa man zafi. Yana cizo ƙwarai. Yanzu a tsaye nake tuƙa keken in hanya ta yi tsawo, shi ya sa nake makara, manaja kuma ba ya da magana sai yalla, yalla, wato yi sauri. Gaskiya tsoro nake ji, amma ba na ƙurjin ba, na manajan.

Ki sa ni a addu'ar zumuntar mata, ba sai kin faɗi dalili ba.

Taki,
Perpetua


Dubai
Agusta, 2020

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake a gefe ɗaya. Ina asibiti. Kada ki ɗaga hankalinki, kada kuma ki gaya wa Mama tukuna.

Ƙurjin ya zama maruru, marurun ya yi ciki. Ya kumbura har ba na iya haɗa ƙafafuna, jikina ya riƙa zafi da sanyi. Anti Sauda ta yi ta kira, ina ce mata komai lafiya, don na san tambayar farko da za ta yi ta kamfai ce. Na ci gaba da fita da ƙwayar rage zafi a aljihu. Ran Talata da tsakar rana na tsaya a danja, na ga titin yana lilo. Abin da na sani ke nan. An ce wani mai gadin shago ne ya janye ni daga bakin hanya, abincin mutane ya watse a ƙasa.

Kin tuna abin da nake gudu? Shi ya same ni. Da almakashi nas ta yanka wandon aikin, da wandon keken, da kamfan da na nace a kansa, kuma babu wanda ya ko kalle su, a kwandon shara suka ƙare. An yi min tiyata an kwashe mugunya. Likitar mace ce, ta ce saura kaɗan ya shiga jini. Ta tambaye ni yadda nake shanya kayan, da abin da nake shafawa. Da na faɗa mata ba ta yi faɗa ba, ni kuwa da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ba a ɗinke wurin ba, a buɗe aka bar shi ya cike da kansa, kullum ana cusa auduga a cire. Ban taɓa sanin azaba irin wannan ba, ko ranar haihuwar Promise. Ta ce in manta da sirdi na watanni.

Anti Sauda ta zo da kunun gyaɗa a fulas. Ita ma ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta zauna ta tsefe min kai, ni ina ta kuka a filo. Haushin kaina nake ji, Yaya, har da naki kaɗan, da na Mama, ko da yake na san ba ku yi don mugunta ba.

Manaja ya aiko a ce in same shi da zarar an sallame ni. Bizata na hannunsa. Ki yi min addu'a da gaske.

Ƙanwarki,
Perpetua


Al Qusais, Dubai
Oktoba, 2020

Zuwa ga Yayata Magret,

Salama a gare ku duka. Ina fata an fara girbi lafiya, kuma jikin Mama da sauƙi. Na ga saƙonninki, na kasa amsawa ne sai yau.

Na je wurin manaja. Ba shi da ofis, a bakin kicin yake zama, inda masu keke ke jiran oda. Ranar suna nan da yawa, duk maza, wasu a tsugune wasu a kan kekunansu. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin bai zo da mugunta ba. Ya ce in faɗa masa abin da ya same ni. In keken ne ya ji min ciwo, zai mayar da ni ciki in riƙa ɗaure abinci a leda har in warke. In kuwa wata cuta ce ta jikina, ba zai iya barina kusa da abincin mutane a wannan zamani ba.

Hanya ce ya buɗe min, na gan ta sarai. Abin da ya rage kawai in ce sirdi ne ya ji min rauni, in faɗi inda raunin yake. Na buɗe baki, na ga idanun mazan nan a kaina, ɗaya ma ya cire abin jin waƙa daga kunnensa. Sai na ji kaina ina cewa zazzaɓi ne.

Zazzaɓi, Yaya, a shekarar korona. Na ga ya ja kujerarsa baya, ya gyara takunkuminsa. Ya ce khalas, wato shi ke nan, in je in huta. Washegari na koma da niyyar in gyara maganar, na tsaya a tsallaken titi ina kallon ƙofar kicin har rana ta gasa ni, na juyo. Anti Sauda ta roƙe ni in bari ta kira shi ta yi bayani, na ce a'a, kada ta tona min asiri. Sai da na kwana biyu ina juyi sannan na ce ta kira. Ya saurare ta da kyau, ya ce ya yi baƙin ciki, amma ya riga ya soke bizar, ya ɗauki wani a gurbina.

Na nemi wani aikin a 'yan kwanakin da aka ba ni. Wa zai ɗauki macen da ba ta iya zama a kujera a yi mata tambayoyi? Wa'adin ya kusa cika, kuma tunda an buɗe filin jirgin Abuja, mutanen cocinmu sun haɗa min tikiti. Ranar Asabar ta sama zan sauka.

Ki je makarantar Promise ki gaya musu ba za ta koma wannan zangon ba. Ita kuma ki bar min, ni zan faɗa mata da bakina. In Mama ta tambaya, ki ce korona ce ta rufe gidan abincin. Kada a tara min mutane, kada a yi girki.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki ce wa Baban Justin ya samo mota mai kujerar baya, kada ya ɗauko kowa. Ban san yadda zan yi da zaman jirgi ba, amma daga Abuja zuwa Zonkwa a kwance zan zo.

Sai na iso. Ni ce ƙanwarki,
Perpetua