Alƙali Zai Gurfana

Laraba da dare, Tudun Wada

Barci ya ƙi zuwa. Yau aka buga wasan ƙarshe na gasar jera kalmomin Turanci ta malaman makarantarmu, ni da Malam Bitrus, wanda shekara uku ke nan ba wanda ya kayar da shi. Saura haruffa huɗu a hannuna, har da Q, wadda da wuya ta shiga kalma ba tare da U ba, ga shi U ta ƙare. Can na tuna yadda ake kiran alƙali a littattafan Larabcin Baba. Na jera QADI.

Malam Bitrus ya cire tabarau ya ce, "Malama Hajara, wannan kuma Turancin unguwar Gyallesu ne?"

Aka kwashe da dariya. Na ce a duba. Ƙaramin ƙamus na ofis ba shi da ita. Na nuna masa a waya, ya ce waya ba hujja ba ce. Shugabar makaranta ta kulle allon a kabad yadda yake, ta ce gobe a ɗauko babban ƙamus daga laburare. In kalmar na ciki na ci. In babu na faɗi, kuma dariyar nan sai ta bi ni har ƙarshen zango.

Bayan isha'i na gaya wa Baba, shi da kullum yake cewa wasan nan ɓata lokaci ne. Ya ajiye carbi. "To, ashe gobe alƙali ne zai gurfana." Sannan ya ce, "Ƙarfe nawa za a buɗe ƙamus ɗin?"