Ba Wayata Ce Ta Ƙona Motar Mumuni Ba

Zuwa ga Baba Alhaji, Sarkin Tasha,
Shugaban direbobin layin Yendi da Bawku,
Salaga.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk direbobin da ke ƙarƙashinka, ni ne Issaka mai rediyo, ɗan abokinka marigayi Malam Seidu, mai rumfar kwanon nan ta bakin tasha kusa da masu koko. Ka san ni tun ina rarrafe, amma takardar nan a bangon ofis zan manna ta, kuma tasha ba ta rabuwa da baƙi, shi ya sa na faɗi sunana da na ubana.

Baba, al'adar tasharmu ce ba mai buɗe baki a zaman direbobi sai wanda ke riƙe da sitiyari. Ni kuwa abin da na taɓa tuƙawa a duniya keke ne, shi ma sau biyu yana zuba ni a kwata. Ranar Larabar makon jiya kuka zauna a gindin mangwaro kuka yi shari'ata, ina tsaye bayan katanga ina jin ana juya sunana. Kuka yanke cewa wayar da na haɗa ce ta ƙona motar Mumuni, don haka kada direba ya ƙara kawo mini mota, kuma in kwashe rumfata kafin watan nan ya ƙare. Tunda bakina ba shi da izini, na aiko da biro, don shi ban ji an hana shi ba. Ina roƙon akawun tasha ya karanta wa waɗanda ba su yi boko ba, da ƙarfi, kada ya tsallake ko layi ɗaya.

Na farko, aikin da na yi.

Mumuni taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka duk abin da na faɗa a kansa ina da iko. Shi ke jan bas ɗin nan da aka rubuta wa "Sai A Hankali" a goshi, ko da yake ban taɓa ganin ya yi komai a hankali ba, har cin tuwo. Bayan ƙaramar Sallah ya zo mini da amfilifaya biyu, ɗaya don lasifikokin cikin mota, ɗaya don ƙaho biyun da ke sama. Ka fi ni sanin dalili. A nan tasha da layi ake lodi, amma da an fita gari, matan ƙauye motar da suka fara jin kiɗanta daga nesa ita suke fitowa tara da kayansu. Direban da kaset ɗinsa ba ya tashi sai ya isa Bimbila da rabin kujeru.

Na haɗa masa yadda aka koya mini a Kumasi. Na jawo waya mai kauri kamar ɗan yatsa kai tsaye daga batir, ban raɓa ta da wayar fitila ko ta hon ba. Taƙi ɗaya daga batir na sa babban fiyus. Daga can na raba wutar gida biyu, kowace amfilifaya da nata ƙaramin fiyus. Wayar da ke komawa jikin mota na yi ta gajera, na kankare fenti sai da ƙarfe ya fito fes kafin in ɗaure. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe na sa mata roba. Da na gama na riƙe kunnensa, a gaban Fuseini mai jan motar "Allah Na Nan", na ce masa biyun nan su ne iyakar abin da dainamon motarsa zai iya ciyarwa. Fuseini yana raye, kuma shi yana da sitiyari, ana iya tambayarsa. Wata huɗu motar na zuwa Bawku tana dawowa, ko ɗumi wayar ba ta taɓa yi ba.

Na biyu, abin da aka ƙara bayan idona.

Sai Fuseini ya sayo ƙaho mai girma. Ranar wata kasuwar Yendi suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, kiɗan Fuseini ya danne na Mumuni, har wata mai gyaɗa da ta riga ta sa ƙafa a motar Mumuni ta sauka ta koma waccan. An ce kwana biyu taubashina bai yi wa kowa dariya ba. Zuwansa Bawku na gaba ya sayi amfilifaya ta uku cikin kayan da ake shigowa da su daga Togo. Bai kawo mini ba, don ya san amsata. Shi da kansa ya zauna a tashar Yendi da reza, ya feɗe babbar wayata kafin ta kai ga ƙananan fiyus, ya murɗa mata siririyar waya irin ta rediyon ɗaki, ya naɗe da leda da tsumman tayar keke, ya tura amfilifayar ƙarƙashin kujerar baya ya rufe da buhu. Siririyar wayar nan a kan bakin ƙarfen kujera ta kwanta, tana goguwa duk ramin da mota ta faɗa, kuma ka san hanyar Gushegu ba ta rowar ramuka.

Na uku, fiyus.

Ina so direbobi su saurari wannan da kyau. Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi don ya mutu. Idan wuta ta yi yawa ko waya ta taɓa jikin mota, shi ke tsinkewa, kiɗa ya ɗauke, mota ta tsira. Ranar da ya tsinke ya yi aikinsa ke nan, abin da ya rage a nemo dalili.

Sau uku Mumuni na zuwa rumfata a ƙafa da babban fiyus ɗin matacce a tafin hannu. In na ce ya kawo motar in duba, sai ya ce tana kan lodi, fasinja na jira. Sau uku ina ba shi sabo. A nan nake da laifi, kuma na ɗauka, don tun a na biyu ya kamata in bi shi in leƙa. Zumunci ya rufe mini ido, ga shi kuma kullum da ƙullin goro yake zuwa. A karo na huɗu na hana. Ya tsaya a bakin rumfa ya shaida wa masu koko cewa fiyus ɗina ragwaye ne, ba sa jure kiɗan maza, shi ya san abin da zai sa wanda ba ya mutuwa. Na ɗauka irin cika bakinsa ne na kullum, har na taya su dariya.

Na huɗu, abin da ya faru a dutse.

Da hantsi ne, suna gangara dutsen Nakpanduri za su Garu, mota cike da 'yan doya, amfilifaya uku na kuka. Hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin kujerar baya. A nan dole in yaba wa taubashina. Bai ruɗe ba, ya samu wuri ya tsayar da mota a gangaren da ko akuya sai ta yi tunani, ya fitar da mutane, ya fizge kan batir da hannunsa har tafinsa ya ƙone. Kujeru biyu suka ci wuta. Doya ta bi gangare ba tare da ta jira mota ba. Wata tsohuwa da ke da zabi goma sha biyu a kwando ta buɗe musu don kada hayaƙi ya kashe su, su kuwa suka gode mata suka shiga daji, har yau ba wanda ya dawo. Ba a rasa rai ba, ba wanda ya karye, alhamdu lillahi.

Da ya dawo ya tsaya a gabanku ya ce wayar Issaka ce ta kama. Na san abin da ya sa. Motar ba tasa ba ce, kuma mai ita ba ya wasa, in ya ji gaskiya a ranar zai karɓe makulli. Tsoro ne ya yi magana da bakinsa. Amma ya yi mini zafi, Baba, ba zan ɓoye ba. Tabarma ɗaya muka kwanta da shi a zauren kakarmu.

Na biyar, abin da na gani da idona.

Washegarin zamanku na hau motar albasa na tafi Garu, inda aka bar bas ɗin wurin wani makaniki kafin a jawo ta gida. A gabansa na duba, hannuna a baya. Babbar wayata lafiyarta lau, robarta ko tabo babu sai inda reza ta ci. Ƙananan fiyus ɗina biyu suna nan da ransu. Siririyar wayar ce ta zama gawayi tun daga inda aka murɗa ta har ƙarƙashin kujera. Da na leƙa gidan babban fiyus kuwa, sai ga ƙusa, irin wadda ake buga kwanon rufi da ita, zaune daram. Gaskiyar Mumuni, ba ta mutu ba. Zafi ya narkar da gidan ya kama ta, ko da filaya ba ta fita, don haka taubashina kada ya wahalar da kansa bayan ya ji takardar nan. Motar yanzu tana nan bayan ofishinka, taku ashirin daga kujerarka.

Na shida, halin da hukuncin ya sa ni.

Kwana takwas ke nan ba motar da ta tsaya a rumfata. Direbobin da na yi wa aiki shekara da shekaru sai su ɗago mini hannu daga nesa su kau da kai. Wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunan da aka laƙaba mini, Issaka Ƙona-mota. Maiɗakina Adisa tana sayar da koko a bakin tasha, yanzu mai saye sai ya tambaye ta ko kokon ma ni na haɗa masa waya. Tana dariya a gabansu, amma ni nake ganin fuskarta in ta dawo gida. Masu kawo rediyon gida ma sun fara ɗauke ƙafa, kamar rediyo na da kujerar baya.

Rumfar nan kuwa babana ya kafa ta, lokacin yana gyaran fitilu da tocila. Kakanninsa fataucin goro suka yi a garin nan, shi bai gaji ko kwando ɗaya ba, rumfar ce kaɗai ya bar mini, da suna mai kyau a tasha. Kai ka riƙe masa gungumen farko da aka kafa, shi ya ba ni labari. In na kwashe ta a kan laifin da ban yi ba, duka biyun na rasa.

Saboda haka ga roƙona.

Ɗaya, a tara direbobi a buɗe motar Mumuni a gabansu. Ni zan tsaya bayan katangata yadda al'ada ta ce. Kai da kanka ka leƙa kusa da batir. In fiyus ka gani, ba sai wata ya ƙare ba, a ranar zan cire kwanona in ɗora a kai.

Biyu, in ƙusa ka gani, a janye hukuncin a gindin mangwaron da aka yanke shi, da muryar da aka yanke shi, don masu koko su ji.

Uku, kada a kori Mumuni. Ka sa baki wurin mai motar. Mutumin da ya tsayar da bas cike da mutane a dutsen nan ya kama batir da hannu direba ne, wauta ce kawai ta yi masa yawa, kuma wannan a gidanmu mun daɗe da sani. Zan sake haɗa masa wayar da hannuna. Amfilifaya ta ukun kuwa ya kai wa matarsa ta ɗora tukunya.

Huɗu, kuma wannan ka fara da shi, nawa na iya jira. Jiya Hajiya Memuna mai kayan gini ta tsayar da ni tana mamaki. Ta ce tun kafin gobarar direbobi ke zuwa shagonta suna sayen ƙusa ɗaya-ɗaya, ita kuwa ba ta taɓa ganin ginin da ake yi da ƙusa ɗaya ba. Ashe Mumuni ya yi ta tallar dabararsa a tashar Yendi, kuma tunda an ce wayata ce ta kama, ba wanda ya ga dalilin cire tasa. Ta lissafa mini mutum shida. Ba zan rubuta sunayensu a bango ba, sun san kansu. Ɗaya kawai zan faɗa maka, don ba zan iya yin shiru ba: direban motarka yana ciki. Gobe kasuwar Bawku, motar za ta gangara dutsen nan da matan kasuwa, kuma a kujerar gaba Hajiyarka ke zama. Ko ba za ka bar ni in taɓa ta ba, ka sa wani ya duba kafin a ɗora ko buhu ɗaya.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya ba ka ikon yin adalci tsakanin masu sitiyari da marasa shi. Allah Ya jiƙan abokinka Malam Seidu. Allah Ya warkar da hannun Mumuni. Allah Ya kai motocin tasharmu Bawku lafiya, Ya dawo mana da su da kowa da kowa a ciki.

Wassalam.

Ɗanka,
Issaka mai rediyo,
Bakin tasha, Salaga.