Gwamnan Azara

Daren Laraba, Sha'aban, Gumbihini

Gari ya cika da kiɗan 'yancin kai, mu kuwa gidanmu kuka aka sha, kuma bakina ne ya jawo.

Gyaren nan da ƙannena Azara da Fusaini suka kama bayan randa, wanda suke kiwo a kwalin ashana da ɓarɓashin tuwo, ni na raɗa masa suna Gwamna, don ba ya aiki sai tsawa. Da safe na haɗe fuska na ce musu, "Yau an saki Ghana. Duk wanda aka samu da ɗaurarre, ɗan sanda zai tafi da shi." Wasa fa nake.

Azara ta ce, "Yaya, to shi ma yana son 'yanci?" Kafin in yi dariya ta buɗe kwalin a tsakar gida, gaban kajin Mma, mahaifiyarmu. Na yi tsalle don in cece shi, na kurje gwiwa, kaji suka watse. Babu Gwamna. Ko ya tsira, ko yana cikin jar kazar nan, Allah masani.

Azara ta ƙi cin tuwo. Fusaini ya ce da ni, "Mugu mai haƙoran zomo." 

Ɗazu wani gyare ya soma kuka bayan randa. Na tashi Azara, na ce, "Ji, ya dawo da ƙafarsa." Ta saurara, ta ce, "Muryarsa ce," ta koma barci.

Ya Allah, ka sa wannan karon ba ƙarya na yi ba.