Ɗana ya sare gawon Baba, ga sanyi ya kawo kai

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida mai albarka. Admin, don girman Allah ka sakaya sunana. Ni tsohuwar malamar firamare ce, na yi ritaya, ina zaune a Gumel. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ƙulle. Wani zai ce tsohuwa ta rasa abin kuka sai itace da ƙudan zuma, to ya faɗa, ni dai abin ya hana ni sakat.

Mahaifina mai zuma ne, Allah ya jiƙansa. Muna da garka a bayan gida, yana rataye amyarsa a kan tsamiyar da ke ciki, wasu kuma a gonaki har wajen Gagarawa. A shekarun saba'in, wajen lokacin da aka canja kuɗi zuwa naira, aka yi farin nan da har yau tsofaffi ba sa son tuna shi, ina yarinya a firamare. Makiyaya suka sassabe duk gawon da ke karkararmu don dabbobi su samu ganye, ba wanda ya ga laifinsu, shanu faɗuwa suke a tsaye. Sanyi ya shigo babu fure ko na magani, ƙudan zuma suka riƙa tashi suna barin amya wayam, har ya rage wa Baba guda ɗaya tak, ta kan tsamiya.

Bayan farin, ma'aikatan gandun daji suka zo da dashen darbejiya cike da mota, kyauta, kowa na wawa. Baba ya karɓi ɗaya ya dasa a ƙofar gida don kada a ce ya raina gwamnati, amma garka ya ce ba baƙon da zai shiga. Sai ya tura mu ni da Yayana turken awaki mu tsinto irin gawo a cikin kashinsu, wai ba ya saurin tsira sai ya bi ta cikin akuya. Mun sha dariya wallahi, ana rabon dashe a banza mu muna tonon kashin awaki. Da yawa muka shuka, ɗaya ne ya rayu. Ruwa kuwa ya yi tsada a lokacin, sai Baba ya mayar da alwalarsa gindin tsiron, asuba zuwa isha a nan yake zubar da ruwan butarsa.

Yadda ya tsara garkar nan, magarya ta yi fure da kaka, gawo ya karɓa da sanyi, aduwa ta riƙe bazara, da damina kuwa ga kabewa ga wake, kowa mai arziki ne. Yakan ce, "Itacen gari shi ya san watan yunwar gari." Ga wanda bai san gawo ba, shi halinsa daban ne. Da damina, lokacin da kowane itace ya yi kore shar, shi sai ya zubar da ganye tas ya tsaya kamar busasshe, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi ganye ya yi fure. Da aka raba gado garkar ta faɗo rabona, kuma ƙudan zuman nan na kan tsamiya ba su taɓa yankewa ba tun na Baba, amya kawai nake sa a sabunta musu.

To, bana da damina na tafi Maigatari wajen autata da ta haihu, sai da aka yi arba'in na dawo. Ashe a bayana ɗana na fari ya zo daga Abuja. Yaron nan a Kaduna ya tashi hannun kawunsa, bai san kan itacen ƙasarmu ba. Ya shiga garka ya ga komai kore, ga wani ƙaton itace babu ganye ko ɗaya, sai ya ɗauka ya mutu, kada ya faɗo min a ka. Ya kira masu inji suka yanka shi gunduwa-gunduwa, ya ɗauko mai fulawa daga Kano aka jera wasu jajayen furanni da ciyawar ado, wai zai ba ni mamaki. Innalillahi, ya kuwa ba ni. Ina leƙa garka na ga sarari inda gawo yake, sai na zauna a kan kututturen.

Da yamma ya bugo waya yana murna, yana tambaya ko na ga aiki, wai yanzu zan sha iska ba fargaba. Jama'a me zan ce? Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kira ba, ga shi sunan Baba ne da shi. Tunda na haife shi ban taɓa zama na yi masa faɗa ido da ido ba, haka muka taso muka ga iyaye na yi. Abin da ya fito daga bakina kawai, Allah ya yi albarka. Na kashe waya na yi kuka kamar ranar da Baba ya rasu.

Na kai ƙara wajen Yaya, a tunanina shi da muka tsinci irin tare zai yi masa magana. Sai ya hau ni da faɗa, wai ba ni da godiyar Allah, 'ya'yan wasu ko gaisuwa ba sa yi, nawa ya kashe dukiyarsa ya gyara min wuri ina ƙorafi a kan ƙaya. Na ce masa ya manta wanda ya yi alwala a gindin ƙayar, ya ce zuma ai ana sayarwa a kasuwa. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Fulawar nan kuwa kyan ɗan maciji. Safe da yamma sai an ba ta ruwa, ban taɓa ganin ƙudan zuma ko ɗaya ya sauka a kanta ba, yanzu da iskar sanyi ta fara kaɗawa ma ta soma ƙonewa. Furen magarya ya kusa ƙarewa. Gari ya cinye gonakin da ke kewaye da mu, masu itacen girki sun gama da sauran gawon, ba inda ƙudan zumana za su je. Na ajiye musu ruwan sukari a tasa, kiyashi ne suka fi su sha. Da hantsi ina ganinsu suna shawagi a sararin da gawon yake, su dawo. Na san abin da ke biyo bayan haka, na gani ina yarinya.

Shekaranjiya ina shara na ga kututturen ya yi toho, ɗan kore da ƙayarsa ƙanana. Na kife masa tsohon kwando saboda awaki, na mayar da butata wurin. Sai jiya ɗan nawa ya aiko cewa ƙarshen wata zai zo da leburori su tone kututturen a shimfiɗa siminti, a sa min kujerun hutawa.

Masu amya na wajen Gagarawa da Sule Tankarkar, ku taimake ni, wane abu namu na gida zan shuka yanzu da zai yi fure cikin sanyin nan ya riƙe min ƙudan zuman? Zogale zai yi? Ko in ba kabewa ruwa? Iyaye mata kuma, ku da kuka san kunyar ɗan fari, ku faɗa min yadda zan yi. Na san ko tohon nan ya rayu ba lalle in ga furensa ba. Amma da wane baki zan ce wa mai sunan Baba itacen da ya sare da ransa ya sare shi?