Cokali a Cikin Kwamfuta

Auta,

Na fita, ban tashe ka ba. Kada ka kunna kwamfutar nan.

Da safe na ji ƙauri daga ɗakinka, na zare wayar wuta, na buɗe murfin. Cokali na gani a ciki. Cokalin ƙarfe, Auta! Da shi ka tokare sabon katin hoton, wanda ke fito da hoto a allon kwamfuta, don ya yi nauyi yana lanƙwashewa. Wallahi na daɗe a tsaye ina kallo.

A shago na nuna maka ƙaramin kati mai kafar waya huɗu, na ce zai ɗauki allunan kwamfutarka uku ba wahala. Ka ce kai sai mai fanka uku, wai ya fi cika ido. To, ya fi ƙarfin akwatin kwamfutar.

Inda cokalin ya taɓa ya yi baƙi ƙirin. Na tafi da katin wurin mai gyara, amma ban sa rai ba.

Na san yau ne wasanku na ƙarshe a gasar kwamfuta. Kana tashi ka kira abokanka su nemi wani a madadinka.

Yayarka