Tambayar da Aka Yi Mini a Biro

Yaya Hindatu,

Gaisuwa mai yawa daga Kwatano. Yaya ƙafar Inna? Gero ya yi kyau a Bande bana? Muna lafiya, maigidana Mas'udu yana gaishe ku.

Kada hankalinki ya tashi, ƙaramin abu ne. Wata uku ke nan na je biro, wato ofis, yankar asirans, wanda ke biya wa mutum kuɗin likita. Ma'aikacin sa'an Baba ne, ya dube ni gaban jama'a ya ce, "Madam, kina da ciki?" Yaya, cikin fari fa! Na sunkuyar da kai na ce a'a, ya rubuta.

Jiya na kai musu takardar awo, suka ce ƙarya na yi musu, haihuwar nan ba ruwansu. Wai ko gaskiya na faɗa, da ba su karɓe ni ba sai na sauka. Na ɗan yi kuka, ya wuce.

Ki aiko mini da kanwa da yajin jego. Kin ga, ke ma sai da na zaga ta biro sannan na iya gaya miki. Inna kuwa, ke za ki faɗa mata, bakina ba zai iya ba.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Surayya